Tirelar kwanan da muka saya, bayan wata bakwai muna janta da jif ɗin gida

Toh jama'a, tun watan Afrilu nake cewa zan rubuta wannan abun ban samu zama ba, yanzu da sanyi ya fara shigowa mun wanke tirelar mun zuƙe ruwan cikinta mun lulluɓeta sai nace bari dai in zauna in faɗi yadda muka ganta, da daɗinta da rashin daɗinta. In nace tirela ba ta dakon kaya nake nufi ba, ɗakin nan ne mai taya da ake maƙalawa a bayan mota a nan Amurka, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, ka ja abunka kaje bakin tafki ko cikin daji kayi kwana biyu uku ka dawo. Tamu ƙarama ce, ƙafa 21 daga kan wuyanta har bambar baya, taya biyu kacal, akwai babban gado a gaba, gadon yara mai hawa biyu a baya, sai teburi da ake kwantar dashi da daddare ya koma gado. Ba zan kama sunan kamfanin ba, dama kusan duk masu ƙera su kowa yana da irin wannan tsarin, bambancin launi ne da sunan da aka manna a jiki, kuma akasarinsu ma daga yanki ɗaya suke fitowa, wajajen Elkhart a jihar Indiyana.

Ba ita muka so ba tun farko, wannan shine gaskiyar magana. Ranar da muka fara zuwa wajen dillalai akwai wata mai ƙafa 26, taya huɗu, mai ɓangaren nan da kake danna maɓalli bango ya turo waje falon ya ƙara faɗi, maman yara tana shiga ta zauna akan kujera tace Baban yara ai shikenan an gama, yara kuma har sun fara faɗa akan waye zai kwana a sama. Na tambayi mai sayarwar nauyinta yace laba 4,400, ya tambayeni motata nawa take ja nace 5,000 aka rubuta, yace ai har da rarar 600 kake da ita. Wlh a lokacin lissafin ya shigeni, 4,400 bai kai 5,000 ba, ko ɗan firamare ya sani. Abun da ya hanani sa hannu a ranar kawai na manta wata takarda a gida ne, ba wayo na bane.

Da daddare na kira wani yayanmu da ya shekara goma sha yana jan manyan motoci a ƙasar nan, ina ta bashi labari da zumuɗi, yayi shiru yana ji, sai yace ƙanena fita waje ka buɗe ƙofar direba ka karanta min abun da ke jikin sitikar nan mai ruwan ɗorawa da fari a jikin ginshiƙin ƙofa. Na fita da fitilar waya. An rubuta cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kar ya wuce laba 1,350, wajen kilo 610 kenan. Yace toh wannan ce lambarka, waccan 5,000 ɗin ta talla ce. Nace Yaya ban gane ba, ai tirelar akan tayarta take tafiya ba a cikin mota zan sakata ba. Yayi dariya yace wuyanta fa, akan wa yake zaune?

Nan ne kaina ya buɗe, kuma nan ne nake so duk mai shirin saya ya tsaya ya karanta da kyau ko da bai karanta sauran ba. Tirela irin wannan ba duka nauyinta ke kan tayoyinta ba, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana sauka ne akan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motarka, kuma dole ne ya sauka ɗin, in bai kai kashi 10 ba sai ta dinga kaɗa gindi akan titi kaman jelar kifi. Wannan nauyin wuyan mota bata san bambancinsa da mutum ba, kaman ka ɗauko ƙarti uku ne ka zaunar dasu a but. Toh sai muka fara ragewa daga 1,350 ɗin, ni 190, maman yara 150 (ta yarda in faɗa, bayan dogon ciniki), yara uku gaba ɗaya 205, kujerar auta da kula da jakunkunan hannu da tarkacen da ba a rasawa mu ce 100, ƙarfen jan shi kansa 75. Abun da ya rage 630. Sannan yace in kwanta ƙasa in duba jikin bututun da ake zura ƙarfen jan a ciki, can ma akwai wata lambar, nauyin wuya kar ya wuce 500. Kenan ko 630 ɗin ma ba tawa bace, 500 ce iyakata, dan ƙaramar lamba ita ke da iko.

Ita kuwa waccan gimbiyar mai ƙafa 26, 4,400 ɗin da aka gaya min nauyinta ne tana fanko, yadda ta fito daga masana'anta, ba ruwa a tanki, ba tukwane ba barguna ba kekunan yara, wasu kamfanonin ma ko batir da gas basa sawa a wannan lissafin. Ruwa kaɗai galan ɗaya laba 8.3 ne, tukunyar gas guda in ta cika wajen 37 ce. Kafin iyali mai mutum biyar su gama loda ta haura 5,200 cikin sauƙi, kashi 13 ɗin wannan ya kusa 680 akan wuya. Ta wuce abun da motar ke ja, ta wuce abun da bututun ke ɗauka, ta wuce sitikar ƙofa, uku rigis. Kuma ba wai mai sayarwar ƙarya yayi min ba, lambobin da ya faɗa duk gaskiya ne, kawai ba su ne lambobin da suka shafeni ba, shi kuma ba aikinsa bane ya leƙa ƙofar motata.

Daga baya na ɗan bi diddigin ita 5,000 ɗin dan naji haushinta. Ashe akwai ƙa'idar gwaji da kamfanonin mota ke bi mai suna J2807, har da hawa wani dogon tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona cikin zafin rana da esi a kunne, gwaji ne na gaske ba wasa ba, amma ana lissafinsa ne da direba da fasinja ɗaya tal, kowanne laba 150. Ba yara, ba kula, ba komai. Duk abun da ka ƙara a cikin mota daga abun da zata iya ja yake fita. Wani abun kuma da ba a cika faɗa ba, iska. Laba 3,500 na kwale-kwale da laba 3,500 na akwati mai tsayin ƙafa goma ba ɗaya bane wajen injin, shi yasa wasu littattafan mota har faɗin gaban tirela suke ƙayyadewa, in kana da littafin motarka buɗe babin ja ka karanta duka, shafi biyar ne ko shida ba zai kasheka ba.

Sai muka juya lissafin ta baya, in wuya ba zai wuce 500 ba toh tirelar da kayanta gaba ɗaya kar ta wuce wajen 3,800. Muka daina kallon nauyin fanko kwata-kwata muka koma kallon iyakar nauyin da aka yarda ta kai, wanda suke rubutawa GVWR a sitikar da ke gefen hagu ta gaba. Tamu 3,850 ce. A takardar talla sun ce fankonta 3,050, amma sitikar jikinta ita kanta tace 3,180, dan rumfa da esi da tayar safaya duk ƙari ne, kenan kayan da zamu iya sawa laba 670 ne kacal har da ruwa. Maman yara tayi kwana biyu tana min kallon wanda ya hanata abu, bata ce komai ba amma ina jin shirun.

Yanzu ga yadda take a hanya. Tafiya tara mukayi da ita bana, mafi nisa mil ɗari huɗu da wani abu zuwa. Sati na biyu na kaita sikelin manyan motoci irin na CAT da ke gidajen man direbobi, faranti uku ne, tayoyin gaba akan ɗaya, na baya akan ɗaya, tirela akan na uku, ka auna da ita a maƙale sannan ka cireta ka auna mota ita kaɗai, bambancin shine nauyin wuya. Na ji kunya ina tsakiyar manyan motoci da ɗan akwatina amma ba wanda ya ko kalleni. Ta fito 3,620 da kayanmu, wuya 460, kusan kashi 13 kenan, kuma in ka haɗa damu duka a mota saura laba 170 mu taɓa iyakar sitika. Ba yawa bane, mutum ɗaya ne babba, ma'ana ranar da ƙanwar maman yara tace zata bimu sai da muka kwashe kula da jakunkuna daga but muka maida cikin tirela saitin taya.

Akan shimfiɗaɗɗen titi a gudun mil 60 zuwa 62 lafiya lau take bi, har kana iya mantawa da ita na minti biyu kafin ka kalli madubi kaga farin bango yana binka. Hawa tudu kuma motar tana sanar dakai tana aiki, giya ta sauko injin ya ɗaga murya, gudun ya koma 45 ko 50, ni dai in koma layin dama in barta tayi abunta. A nan nake tuna waccan mai ƙafa 26 ɗin in ce Allah na gode. Mai kuwa kar ma a yi maganarsa, ya kusa ninkawa, tankin da yake kaimu mil 400 yanzu da ƙyar yake wuce 220, kuma ba nauyin bane kaɗai iskar ce, dan ko tana fanko kusan haka take sha.

Abu biyu ne na saya daban waɗanda bana nadamarsu ko kaɗan. Na farko ɗan akwatin birki da ake sawa kusa da sitiyari, dan ita tirelar tana da nata birkin na lantarki amma in ba wannan akwatin da soket mai baki bakwai ba ba zai kama ba, motarka ce zata tsayar da nauyin duka. Na biyu ƙarfen raba nauyi, mai sanduna biyu da suke ɗaurewa a wuyan tirela su maida wani ɓangaren nauyin kan tayoyin gaba. Kafin in sa shi bayan motar ya zauna gaba ya ɗaga sitiyari yayi sakwaf a hannu kaman ba a ƙasa yake ba, da na sa sai ta miƙe. Amma dan Allah a gane, baya ƙara maka ko laba ɗaya akan abun da sitika tace, shi kansa ma nauyi ne, kuma ba kowane kamfanin mota ne ya yarda a sa shi a jif ɗinsa ba, nawa littafin ya yarda shi yasa na sa.

Sau ɗaya ta tsoratani kuma laifina ne. Tafiya ta huɗu na ɗaure kekuna uku a bayanta na kuma tura akwatin kayan aiki ƙarƙashin gadon yara, duk nauyi ya koma can ƙarshe wuya yayi sauƙi, muna gangara wani tudu wata babbar mota ta wucemu da gudu sai naji bayan motar ya fara rawa hagu dama hagu dama, kowane kaɗawa yafi na baya. Yaya ya riga ya gaya min in haka ta faru kar in taka birkin mota kar in yi kokawa da sitiyari, in ɗaga ƙafa daga totur in matsa maƙunnin hannu na akwatin birkin dan tirelar ta ja kanta baya. Haka nayi, cikin sakan uku ko huɗu ta nutsu, amma hannuna sai da yayi minti goma yana karkarwa, mota tayi tsit har auta da baya shiru. A wajen hutawa na farko muka sauke komai muka maida nauyin gaba da taya, tun daga ranar bata sake ba. Taya biyu dama sun fi taya huɗu saurin jin iska, wannan farashin ƙanƙanta ne sai ka yarda dashi.

Ciki kuma fa? Gaskia a matse muke. In ana ruwa kuma mu biyar muna ciki sai an yi layi kafin a wuce, mai girki yana tsaye ba mai zuwa banɗaki sai ya matsa. Babban gadon a kwance yake ta faɗi, wanda ke jikin bango sai ya tsallake ɗan uwansa in zai tashi cikin dare, kuma kun san waye aka bari a jikin bangon. Katifar da tazo da ita ba katifa bace, soso ne aka sa wa riga, kwana biyu nayi akai na sayo wata na ɗora. Gadajen yaran ne abun da yafi burgeni, kowanne da tagarsa da fitilarsa, ba sai mun naɗe komai da safe ba, kuma su a wajensu wannan lungun yafi ɗakinsu na gida. Firij ɗin yana ɗaukar na kwana uku in an iya shiri. Esi yana sanyi sosai amma ƙararsa kaman kana kwance a ƙarƙashin janareta, kuma sai wajen da akwai wutar lantarki da za a jona yake aiki, batir baya ɗaukarsa.

Banɗakin ɗan mitsitsi ne, ni mai tsayi in nayi wanka kaina yana cikin ƙoƙon rufin nan mai haske. Tankin ruwa galan 26 ne, in ka cika shi laba 216 kenan, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abun da aka yarda mu ɗauka, shi yasa muke tafiya da galan biyar kawai na hanya mu cika in mun isa. Tankin ruwan wanka da wanke-wanke shi yake fara cika, kwana biyu ya ƙare in ba a hana yara wasa da famfo ba. Zubar da ɗayan tankin kuma, na bayan gida, ba zan yi dogon bayani ba, sayi safar hannu mai kauri da tiyo mai kyau, wanda suke haɗo maka dashi gajere ne, ka fara buɗe na bayan gidan sannan na ruwan wanka ya wanke tiyon.

Ingancin aiki, nan kam sai haƙuri. Komai an yi shi ne dan yayi sauƙin nauyi, katakon sirara ne, in ka jingina da bango kana jin yana bada kai. Tafiyar farko muka iso muka tarar da durowa biyu a buɗe cokula a ƙasa, maƙallansu na roba ne marasa ƙarfi, na canza su da kaina. Sukurori suna kwancewa saboda girgiza, yanzu duk tafiya biyu sai na zagaya da sukundireba. Wanda ya ɓata min rai da gaske tagar gaba ce, ruwan sama na farko mai ƙarfi muka ga damshi a gefen katifa, ashe ba a shafa gam ɗin da kyau ba a kusurwa ɗaya. Garanti ya ɗauka, ba su yi musu ba, amma sati biyar tana ajiye a wajensu a tsakiyar lokacin zafi, lokacin da yara ke hutu, aikin da bai fi awa biyu ba. Da na sani ranar karɓa zan ce a kunna tiyo a feshe ta ko ina ina tsaye a ciki, in kunna kowane famfo da murhu da firij kafin in sa hannu, ni kuwa ranar zumuɗi ya hanani, minti ashirin na zagaya nace yayi.

Ribas da ita sai da na koya a filin fakin ɗin da ba kowa ranar Lahadi da safe, da robobin ruwa a matsayin alama. Gajeriyar tirela tafi doguwa saurin lanƙwashewa, ka ɗan juya kaɗan ta riga ta tafi. Dabarar da ta taimakeni ita ce in riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannuna ya nufa nan bayanta zai nufa. Maman yara ke tsayawa a baya da waya a kunne tana ce min hagu ko dama, kuma mun yi yarjejeniya duk abun da aka faɗa lokacin fakin ba a riƙe shi a zuciya. Amfanin ƙanƙantarta kuma a nan yake fitowa, akwai tsofaffin wuraren kwana a gandun dajin gwamnati da filinsu gajere ne manya basa shiga, mu kuwa ko ina mun samu, kuma a gida ta shige gefen gareji ba sai mun biya kuɗin ajiya ba.

In an ce in bata maki zan ce bakwai cikin goma, ukun da na cire na katifa ne da taga da matsi. Ga mai jif irin tawa da yara biyu ko uku ƙanana zan ce ya saya, amma ya fara karanta ƙofarsa dan ko mota iri ɗaya ce da tawa lambarsa zata iya bambanta, mai rufin gilashi da kujerun fata nauyinta yafi kuma abun da zata ɗauka ya ragu. Mai yara manya ko mutum shida kuwa gaskia wannan ba tashi bace, kuma babbar ma ba tashi bace sai ya canza mota tukunna. Mu kanmu na san lokaci muke ci, babbar yarinyar ƙafarta ta fara taɓa bangon gadon, kuma su ukun duk shekara nauyi suke ƙarawa daga cikin 170 ɗin nan da ta rage. Maman yara ta riga ta fara turo min hotunan a-kori-kura a waya wai kallo kawai take. Ni dai abun da ke gabana kafin bazara tayoyi ne, zan cire waɗanda tazo dasu in sa masu ɗaukar nauyi fiye da haka, sannan in hau sama in duba gam ɗin rufin da kaina.